Wane haɗi ya dace da wuyan jita a yanayinmu na Kebbi?

Wani ƙanena kafinta daga Zuru ya aiko min da tambaya. Ya ce ya ƙera wa matasan cocin unguwarsu jita mai tsirkiyar ƙarfe, ya manna wuyan da farin gam, ya ƙara da sukuru biyu. Da rani ta yi daɗin kaɗawa, amma damina na kankama tsirkiyoyin suka ɗaga, har yatsa ba ya iya danne su a tsakiyar wuya. Wani ya gaya masa laifin haɗin ne, wai muddin bai yi haɗin wutsiyar kurciya irin na kamfanin Martin ba, jita ba za ta yi ƙarko ba, kuma ba za ta yi amo ba. Yana so ya san haɗin da zai yi wa ta gaba.

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Amsar a gajarce ita ce ka yi haɗin mace da namiji, ka ɗaure shi da noti biyu ta cikin jitar, kada gam ya taɓa wurin. Amma in na tsaya a nan ban yi maka adalci ba, domin ina kyautata zaton ba haɗin ne ya ɗaga maka tsirkiya ba. In kuwa ba ka gano abin da ya motsa ba, ko wane haɗi ka sauya, ta gaban ma haka za ta yi maka.

Fara da wadda ke hannunka. Fito da ita waje cikin haske, ka dubi inda dunduniyar wuya ta zauna a jikin akwatin, can ƙasa kusa da baya. In ka ga tsaga, ko takarda tana shiga tsakaninsu, to haɗin ya saki. In babu tsaga, dunduniya na nan daram, to wuyan bai rabu da jiki ba, jikin ne ya lanƙwashe ya tafi da wuyan gaba ɗaya. A jitocin da ake kawo min gyara a nan Birnin Kebbi, na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Dalilin yana cikin nauyin da akwatin yake ɗauke da shi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida masu lamba 12, waɗanda aka fi sa wa irin wannan jita, suna ja da ƙarfin kilo 70 zuwa 75. Kusan buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, a rataye dare da rana a kan akwatin da kaurin fuskarsa bai wuce milimita 3 ba. Na nailan kuwa wajen rabin haka suke ja, kilo 35 zuwa 40. Magabatanmu masu yin molo da gurmi ba su san wannan ciwon kai ba, domin a wurinsu sanda ɗaya ce take ratsa fatar ko ƙwaryar, a ɗaure tsirkiya a kanta ta sama, a ɗaure a kanta ta ƙasa. Sandar ita kaɗai take fama da jan, fata kuma aikinta amo. A jita ba haka abin yake ba. Tsirkiya tana tasowa daga kan wuya ta ƙare a jaki, wato katakon da ke riƙe gindin tsirkiya, jakin kuma a manne yake da fuska, don haka dole jan ya ratsa ta haɗin ya bi ta jikin akwatin. Saman haɗin, wajen allon yatsu, matsewa yake yi. Ƙasan dunduniya kuwa ƙoƙarin ɓallewa yake yi. Kututturen ciki, wanda wuya yake ɗaure da shi, a hankali yake karkata zuwa bakin jita, fuskar ta ɗan lotsa a gaban jaki ta kumbura a bayansa. Ko jitar da ta fi kowace tsada a duniya, in ta daɗe da tsirkiyar ƙarfe a jikinta, wata rana sai an cire wuyanta an sake daidaita shi.

Mu kuma muna da ƙarin matsala da masu ƙera jita a Turai da Amurka ba su cika fuskanta ba. Su suna riƙe danshin iskar ɗakin aikinsu a wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari duk shekara. Mu a nan, da hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70, ku a Zuru ma kun fi mu samun ruwa. Katako ba ya ƙara tsawo a bakin komai in ya sha danshi, faɗi yake ƙarawa. Fuskar babbar jita tana da faɗin kusan santimita 40, gefunanta kuma a ɗaure suke, saboda haka in ta kumbura ba inda za ta nufa sai sama, ta ɗaga jaki, jaki ya ɗaga tsirkiya. Wani ɓangare na abin da ka gani da damina zai koma da kansa in iska ta bushe. Kada ka yanke komai sai ka sake aunawa a watan Disamba. Makaɗan da suka san kan abin ma sukan ajiye ƙashin jaki, wanda tsirkiya take hawa a kai, guda biyu, gajere na damina, dogo na rani, su riƙa sauyawa.

Ga yadda ake awon. Samu rula ta ƙarfe madaidaiciya mai tsawon santimita 60, ka kwantar da ita a tsakiyar wuya bisa ƙarafunan firet, wato siraran ƙarafan da suka gicciye allon yatsu, ka zura ta har ta isa jaki. In kusurwar wuya daidai take, bakin rular zai sauka daidai saman katakon jakin, ko ya ɗan haye shi da abin da bai kai milimita ɗaya ba. In ya daki goshin jakin, milimita 2 ko 3 ƙasa da samansa, wuya ya faɗo gaba. Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 12. A babbar tsirkiya ana neman wajen milimita 2.4, a ƙaramar kuma 1.6 zuwa 2. Farin ƙashin da ke tsaye a kan jaki ya leƙo da milimita 3 zuwa 4, tsirkiya kuma ta kasance wajen milimita 12 ko 13 sama da fuska a gaban jaki. Waɗannan lambobi su ne ainihin aikin. Kowane irin haɗi da za mu yi magana a kai hanya ce kawai ta kai wuya wannan matsayi, da riƙe shi a wurin, da kuma mayar da shi in ya goce.

Kada ka taɓa rodin cikin wuya da nufin gyara wannan. Aikinsa daban ne, shi ne hana tsakiyar wuya lanƙwashewa fiye da kaurin takarda biyu. Ba ya sauya kusurwa. Yara da yawa suna ɗaure shi har ya karye, tsirkiyar kuma tana nan inda take.

Haɗin wuya iri uku ne manya. Mafi tsufa a cikin waɗanda ake yi har yanzu shi ne na mutanen Sifen, wanda ake gani a jitocin Antonio de Torres, da ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A nan babu haɗi ma in ka duba. Wuya da kututturen ciki katako ɗaya ne, a tsaga shi hagu da dama a zura gefunan akwatin a cikin tsagar, a gina jitar gaba ɗaya a kan wuyan. Yana da ƙarfi, ba shi da nauyi, kuma ya dace da tsirkiyar nailan. Amma ranar da kusurwa ta goce ba ka da abin cirewa, sai dai ka ɓanɓare baya ko ka sake fere allon yatsu. Ga tsirkiyar ƙarfe a yanayinmu, ban ba ka shawararsa ba.

Na biyu shi ne wutsiyar kurciyar da aka yaba maka, kuma ba a yi ƙarya ba, haɗi ne mai kyau. Christian Frederick Martin, Bajamushe ne, ya buɗe shagonsa a birnin New York a 1833, ya koma garin Nazareth a jihar Pennsylvania a 1839, kuma har gobe manyan jitocin gidan da wannan haɗi ake yin su. Gibson ma haka. Ba irin wutsiyar da kake yi wa durowa ba ce. Wannan tana da faɗi a sama, tana tsukewa zuwa ƙasa, ga kuma gefunanta a karkace, ta yadda duk sa'ad da ka danna wuyan ƙasa sai ya ƙara jawo dunduniya ya manna ta da jiki. In an yi shi yadda ya kamata, kana iya ɗaura tsirkiya ka kaɗa jitar tun ba a sa gam ba. Gam ɗin ma a gefunan wutsiyar kaɗai ake shafa shi, ba a kumatun dunduniya ba, wato ɓangarorinta biyu da ke jingina da jiki.

Wahalarsa ita ce fuskoki huɗu ne dole su zauna lokaci guda, kumatu biyu da gefunan wutsiya biyu, kuma taɓa ɗaya yana ɓata sauran. Ka ɗan rage ƙasan dunduniya don ka gyara kusurwa, wuyan ya matsa ciki, wutsiya ta yi sako-sako, sai ka manna mata siririn ciko ka sake farawa. Ana shafa alli a cikin macen, a zura namijin, a zare, a duba inda allin ya kama, a kankare wurin da cizal mai kaifi, a sake zurawa. Haka za ka yi ta yi har wuyan ya sauka daidai da fuska ba tare da girgiza ba. Wanda ya kasa haƙurin nan yakan cike giɓin da gam, gam kuwa ba ya riƙe giɓi a ƙarƙashin kilo 70.

Cire shi kuma wani aiki ne mai zaman kansa. A jita mai haɗuwa da jiki a firet na 14, za ka zare firet na 15, ka huda ƙaramin rami a gurbinsa har ka faɗa sararin da ke bayan wutsiya. Ka ɗora dutsen guga a kan ƙarshen allon yatsu har gam ya yi laushi, ka zura siririyar wuƙa ka raba shi da fuska. Sannan ka haɗa tiyo daga butar da ruwa ke tafasa a ciki zuwa allurar hura ƙwallo, ka cusa allurar a ramin, tururi ya shiga, kana girgiza wuyan kana tura dunduniya sama har ya saki. In tururin ya yi yawa, fenti ya yi fari, kututture ya kumbura, wani lokaci har gefen jita ya saki. Duk wannan ma sai in wanda ya haɗa ta ya yi amfani da gam mai sakewa da zafi da ruwa. In ya zuba mata gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake gaurayawa, sai zarto.

Na uku shi ne ɗauri da noti. Wasu suna yi masa kallon aikin ragwaye na zamani, alhali tun farkon ƙarni na 19 Johann Georg Stauffer a birnin Biyana yake yin jitar da ake ɗaga wuyanta ko a sauke shi da ɗan mabuɗi irin na agogon bango. Kamfanin Taylor, wanda Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa a 1974 a Kalifoniya, da noti ya yi suna, kuma a 1999 ya fito da tsarin da wuya da ƙarshen allon yatsu duka suke zama cikin gurbi a kan ciko biyu, in kusurwa ta goce a kwance noti a sauya cikon kawai. Collings na jihar Texas, wanda jitocinsa suke cikin masu tsada, mace da namiji yake yi da noti. Shi kansa Martin yana amfani da mace da namiji a jitocinsa masu sauƙin kuɗi tun shekarun 1990.

Maganar amo kuwa, ga ra'ayina. Abin da kunne yake ji daga fuska yake fitowa: irin katakonta, kaurinta, yadda aka sassaƙa haƙarƙarin da ke ƙarƙashinta, nauyin jaki, da girman akwatin. Wuya yana da ɗan tasiri ta wajen nauyinsa da taurinsa. Amma muddin katako ya zauna a kan katako ba giɓi, ban taɓa jin bambancin da zan iya rantsewa cewa daga gam ko noti ya fito ba. Abin da yake kashe amo da gaske shi ne kusurwa mara kyau. Wuya ya faɗo gaba, mai jita ya yi ta goge ƙashin jaki har ya kusa shafewa, tsirkiya ta daina danna shi da ƙarfi, sai ka ji jitar ta dushe. Wutsiyar kurciya mai sako-sako ta fi noti mai kyau muni ta kowace fuska.

To, ga yadda nake yin nawa. Kututturen ciki ya kai faɗin milimita 60 zuwa 70, kauri kuma 35 zuwa 40, busasshen katako mara tsaga. Namijin da ke fitowa daga dunduniya ya yi faɗin wajen milimita 20, tsawonsa ma kusan haka, miƙaƙƙe ba karkata. Macen ta fi shi zurfi da milimita ɗaya ko biyu, domin ba a so kan namijin ya taɓa ƙasan ramin. Kumatun dunduniya ne za su ɗauki nauyi. Namijin aikinsa ya hana wuya zamewa gefe, ya kuma ba noti wurin kamawa. Noti mai kaurin milimita 6, mai kan alanki, ya isa. Ramin da zai bi a kututture ka buɗa shi zuwa milimita 7 don ya sami wurin motsi in ka sauya kusurwa, ka sa masa wosha mai faɗi don kada kansa ya nutse cikin katako.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne abin da notin zai kama a cikin dunduniya. Zaren katakon wuya a tsaye yake bin tsawon wuyan, noti kuma ta kan zaren yake shiga, wurin da katako ba ya riƙe sukuru. Sukurun da ka sa wa taka ma a irin wannan wuri suke. Mafita biyu ce. Ko dai ka nemi ɗan ƙarfen nan mai kama da ganga, mai rami a ciki, da ake haɗa gadon kanti da shi, ka huda namijin ta gefe ka zura shi, ka bar aƙalla milimita 10 na katako a gabansa, ka kuma manna wa namijin siraran katako masu ƙarfi a gefe biyu da zarensu a gicciye don kada ya tsage. Ko kuma ka huda dunduniya daga sama zuwa ƙasa kafin ka manna allon yatsu, ka dasa mata sandar katako mai tauri mai kaurin milimita 12 da gam, ta yadda haƙoran notin za su ciji sandar ta gefe. Sandar nan tana da wani amfanin, tana hana dunduniya karyewa in jita ta faɗi. Notin ƙasa shi ne mai aikin, tunda can ne haɗin yake son buɗewa, don haka ka sauke shi ƙasa gwargwadon yadda naman dunduniya ya ba ka dama. Ɗauri kuma na yatsu uku a kan alanki ya wadatar. Da hunturu kututture yana ɗan tsukewa, sai ka sassauta tsirkiya, ka zura hannu ta bakin jita ka ɗan ƙara musu.

Daidaita kusurwar kuwa da samfefa ake yinsa, ba da zarto ba. Da farko ka rarake cikin kumatun dunduniya da cizal, ka bar bakin waje kaɗai, kamar milimita 3, shi ne zai taɓa jiki. Yanko samfefa mai lamba 80 ko 100, faɗin yatsa biyu, ka manna mata salatif a baya don kada ta yage ko ta karce fenti. Kwantar da jitar, sassauta noti, ka zura samfefar tsakanin kumatu da jiki, haƙoranta suna kallon dunduniya, har ta kai ƙarƙashin allon yatsu. Danna wuyan da hannu ɗaya, ka ja samfefar waje ta ƙasa da ɗaya hannun. Da yake ƙasan dunduniya ya fi daɗewa a kan samfefar, shi ya fi cinyewa, wuyan ya koma baya kaɗan. Ka riƙa ƙirgawa, in ka ja sau biyar a dama ka ja sau biyar a hagu. Busa garin katakon, ɗaure noti, ɗora rula.

Kada ka yi gaggawa a nan, domin lissafin yana ninkawa. A jita mai tsawon tsirkiya milimita 645, daga firet na 14 zuwa ƙashin jaki milimita 287 ne, dunduniya kuma tsayinta wajen 95. Ke nan duk milimita ɗaya da ka cire a ƙasan dunduniya yana ɗaga bakin rula da milimita 3 a wurin jaki, ya kuma sauke tsirkiya da milimita ɗaya da rabi a firet na 12. Yawancin gyara bai kai cire milimita ɗaya ba. A lokaci guda kana duba tsakiya: ɗora rula a gefen allon yatsu na dama, ka yi alama a wurin jaki, ka yi haka a hagu, ka ga ko layin tsakiyar fuska ya raba su biyu daidai. In wuya ya karkata, ƙara ja biyu ko uku a gefen da kake so ya nufa. A sabuwar jita, kada ka manna jaki sai wuya ya gama zama, domin daga wuyan ake auna mazauninsa: ninki biyu na tazarar ƙashin sama, na can kan wuya, zuwa firet na 12, da ƙarin wajen milimita 2 a ƙaramar tsirkiya, fiye da haka kaɗan a babba. In da hunturu kake wannan aiki, bar rular ta haye jaki da kusan milimita ɗaya, domin damina za ta ɗaga fuskar. In da damina ne, ta taɓa shi kawai.

Ƙarshen allon yatsu da ke kwance a kan fuska, ɗan gam kaɗan ya ishe shi, wanda dutsen guga zai iya saki. Wasu ma noti suke sa masa daga ciki. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ke ƙarƙashinsa. Ka tuna na ce yawanci jiki ne yake lanƙwashewa. Haƙarƙarin da ya gicciye fuska a saman bakin jita ya zama mai kauri da tsayi, kuma kawunansa su shiga cikin layin da ke riƙe gefe, kada su tsaya a iska. Ka yi wa kututturen harshe a sama da zai miƙo ƙarƙashin allon yatsu har ya kusa taɓa wannan haƙarƙari, da ƙafa a ƙasa da za ta taka baya. Wannan sashe na fuska ba ya ba da amo sosai, don haka ƙarfafa shi ba ya rage maka komai. In ka ga jita ta tsage a gefen allon yatsu har zuwa baki, to nan ne aka yi rowar katako.

Katakon wuya kuma, maɗaci ya yi. Ɗan gidan mahogani ne, sai dai namu na nan arewa ya fi na kurmi nauyi. In ka sami sapele daga 'yan katako, wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, shi ma ana yin wuya da shi a manyan kamfanoni. Malaina ta yi laushi ga dunduniya mai noti. Ƙirya ta yi nauyi ga wuya, amma ta dace da sandar nan da ake dasawa. Ko wanne ka zaɓa, katakon kasuwa ɗanye ne ko da mai sayarwa ya rantse. Yanka shi kusa da girman da kake so, ka ajiye a inuwa, ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako har nauyinsa ya daina raguwa. Tsohuwar ƙofa ko ƙafar tsohon gado ta fi sabon katako sau goma. In ba ka yarda da katakon ba, tsaga shi gida uku a tsaye, ka juya na tsakiyar, ka sake manne su. Manna haƙarƙari da rufe akwati kuma ka bari sai iska ta bushe, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wadda aka rufe da rani kumbura kawai take yi da damina, wadda aka rufe da damina kuwa tsagewa take yi da hunturu.

Farin gam na kafintoci yana da hali guda da ya sa ba na son sa a wurin da ake ja kullum: in ya ji zafi yana laushi, ya riƙa zamewa a hankali ba tare da ya saki gaba ɗaya ba. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, jitar da aka bari a cikin mota ko aka jingine a shago mai rufin kwano tana iya gocewa cikin yini ɗaya. Ka gaya wa yaran cocin su daina barinta a irin waɗannan wurare, in kuma za ta yi makonni ba a kaɗa ba su ɗan sassauta tsirkiya.

Game da wadda ka riga ka yi, in ka auna a Disamba rula tana dukan jaki milimita 2 ko fiye a ƙasa da samansa, ƙashin kuma ba shi da sauran abin ragewa, kada ka fere jakin kansa don neman sauƙi, zai tsage daga baya. Kwance sukurun, ka saki ƙarshen allon yatsu da dutsen guga, ka ɗumama siririyar wuƙa ka bi tsakanin dunduniya da jiki. In ta ƙi, sa zarto mafi siranta da kake da shi, bayan ka kare fentin da salatif. Tunda babu namiji a wurin, ba sai ka ƙirƙiro shi ba. Cire hular dunduniya, ka huda daga ƙasa ka dasa sandar ƙirya, ka ɗaure da noti biyu ta ciki, fuska da fuska, sannan ka bi da samfefa kamar yadda na bayyana. Abin da zarto ya ci zai matso da wuya kusa da jaki, don haka ka sake auna tazarar firet na 12 zuwa ƙashi. In ta ragu da fiye da milimita ɗaya, ka manna siririn ciko a fuskar dunduniya, ko ka cike gurbin ƙashin ka sake yanka shi baya kaɗan. Bayan wuya ya koma baya za ka ga ƙarshen allon yatsu ya ɗan tashi daga fuska, sai ka fere masa ciko mai kauri ta wajen bakin jita, siriri ta wajen wuya, ka sa a ƙarƙashinsa kafin ka manna.